Kwandasta Ba Ya Zuwa Ko'ina

Lafia,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da aikinka da mutanen tsibirin naku. Mu ma nan lafiya lau muke. Baba yana gaishe ka. Ƙafarsa ta yi sauƙi har ya koma zuwa gona a Kwandere. Ruwa ya sauka, kowa yana ta shukar gyaɗa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san ni da waya, da an miƙo mini ita sai bakina ya ɗaure, ga shi kuma Baba yana sa ta a sifika kowa yana ji. Shi ya sa na yago takarda daga littafin makaranta. Anti Hembadoon, maƙwabciyarmu mai sayar da manja, ta ce za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka ta wayarta. Ba ta iya karanta Hausa sosai ba, don haka zan faɗi duk abin da ke raina.

Baba ya gaya mini saƙonka. Wai ka ce a ba da Kwandasta. Wai ka yi magana da wata ƙungiya mai kula da tsuntsaye, za su turo mutum ya ɗauke shi ya kai shi wani daji can kudu, don bai dace a ajiye aku a keji ba.

Yaya, yanzu ka san bai dace ba? Ba kai ne ka sayo shi a tasha wajen wani direba ba, tun ina aji biyu a firamare? Ba kai ne ka raɗa masa sunan ba, saboda yadda yake ihun kiran fasinjan garin Obi, "Obi! Obi! Saura mutum ɗaya!" har masu wucewa suna leƙowa su ga ko mota ce a gidanmu? A lokacin dariya kake yi har kana riƙe ciki. Yanzu ka je ka zauna da Turawa sai ka ga laifinmu.

Tun da ka tafi, ka taɓa tambayar me yake ci? Ni nake ɓare masa gyaɗa. Ni nake zuwa wajen Anti in roƙo masa kwakwar manja, don ita ya fi so. Ni nake wanke kejin, ni nake shigar da shi ɗaki in hadari ya taso. Ya taɓa cizona a yatsa har jini, tabon yana nan, ban gaya wa kowa ba don kada Baba ya ce a fitar da shi.

Akwai kuma abin da ka sani kake yi kamar ba ka sani ba. Muryar Inna tana bakinsa. Da safe in na fito sai ya ce, "Afra'u, kin ɗora ruwa?" daidai yadda take faɗa, da ɗan jan nan da take yi a ƙarshen sunana. In na bar tukunya a buɗe wani lokaci sai ya ce, "Rufe, rufe, ƙuda!" Har tarinta ya iya. Tun da ta rasu bara, babu hotonta mai motsi ko ɗaya a gidan nan, don ba ta yarda a ɗauke ta. Muryarta ba ta cikin wayar kowa. Tana wajen Kwandasta kaɗai.

Na gaya wa Baba ban yarda ba. A'a, ban gaya masa ba, kuka kawai na yi, shi ne ya gane. Ya ce mini tsuntsu naka ne, da kuɗinka ka saya, mai abu kuma in ya ce a ba da abinsa ba a hana shi. To shi ya sa nake rubuto wa mai abu. Ka kira Baba ka ce ka fasa.

Ka gaishe da tsuntsayen naku masu 'yanci.

Ƙanwarka,
Afra'u Babandi.

Lafia,
Ranar Juma'a.

Yaya Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, sai dai mura da ta kama ni, ta kuma yi sauƙi. Baba yana gaishe ka. Ni ma na gaishe ka, tun da an koya mini gaishe da na gaba.

Anti ta kunna mini saƙon muryar da ka turo. Ya yi tsawo har manjanta ya kusa ƙonewa a wuta. Na kuma ga hotunan. Na ji duk abin da ka ce, bari in maimaita maka don ka san ba rashin fahimta ke damuna ba.

Ka ce a tsibirinku akwai wani aku kore mai wuya ja-ja da babu irinsa a ko'ina a duniya. Ka ce an kusa ƙarar da shi saboda masu kamawa suna sayarwa, sai guguwa kuma ta zo ta karya itatuwan da yake sheƙa. Ka ce yanzu wanda duk aka gani da shi a keji kurkuku zai tafi. Ka ce manyan jiragen ruwa masu tsayi kamar bene suna zubo 'yan yawon buɗe ido, kai kuma kana gaba da koren wando kana hawa dutse da su cikin daji, kowa da madubin hangen nesa a wuya, ana tafiya a hankali ba mai tari. Wai wata tsohuwar Baturiya ta fashe da kuka da ta ga guda biyu sun tashi tare. Ka ce kullum kana tsayawa gabansu kana cewa wurin aku daji ne, shi ya sa kake jin kunya in ka tuna akwai ɗaya a keji a gidan ubanka.

To na ji. Ka ji kunya.

Na je na duba taswirar da ke bangon ajinmu. Na nemi yankinku na Karibiyan na samu, amma tsibirinku sai da na sa ido sosai. Da farko na ɗauka kashin ƙuda ne, har na sa farce zan kankare. Wannan ɗigon ne ya riƙe ka duk shekarun nan?

Na ga hoton da ka tsare motoci a titi don wani ƙaton ƙadangare ya tsallaka. Baba ya kalla ya ce da a Adogi ne da tuni yana cikin miya. Na ga kuma na kunkurun teku, wanda ka ce girmansa ya kai tabarma, yana fitowa bakin ruwa ya haƙa rami ya yi ƙwai, ku kuma kuna tsaye kuna gadi kada kare ya tone. Ka ce ka san kowanne, har kun sa musu lamba a hannu, kuma kowace uwa tana komawa daidai bakin ruwan da aka ƙyanƙyashe ta komai nisan inda ta je. Da ka faɗi wannan sai da Anti ta dube ni ta ce, "Kunkuru ya san hanyan gida, yayanka bai sani ba?" Ba ni na faɗa ba, ita ce.

Yaya, lokacin da Inna ta kwanta ciwo, daga kaka har aka shiga zafi, me ka ce? Ka ce lokacin jirage ne, baƙi sun yi yawa, ba za a ba ka hutu ba, sai sun ragu. Da suka ragu ka ce kunkuru sun fara fitowa. Da kunkuru suka gama Inna ta riga ta tafi. Ka ce to yanzu zuwan ba shi da amfani, za ka yi mata addu'a daga can. Ni ce nake juya ta. Ni da Anti muke kai ta bayi. Ina aji shida a lokacin, na yi jarrabawar fita da warin magani a hijabina. Ban taɓa ce maka komai ba. Ko yanzu ma da ba ka taɓo Kwandasta ba da ba zan ce ba.

Ka ce za ka sayo mini waya tawa ta kaina in na haƙura. Ka riƙe wayarka. Ka ce in na girma za ka kawo ni in ga akun naku yana tashi sama, in ga bambanci. Ba na so. Naku yana tashi, na yarda. Ya iya kiran sunana?

Turawanka ba su san Lafia ba, ba su san gidanmu ba, ba za su taɓa leƙa ɗakin Inna su ga keji ba. In kunya ce, ka yi shiru kawai, ai ka iya yin shiru.

Baba ya ce mutumin ƙungiyar zai zo ya fara duba shi mako mai zuwa. Har yanzu kana da lokacin kira.

Ƙanwarka,
Afra'u.

Lafia,
Ranar Laraba.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma muna nan yadda ka bar mu.

Mutuminka ya zo. Sunansa Terver, dogo ne, da jaka a baya, a babur ya zo. Na so ya zama mugu don in ji daɗin tsanarsa, sai ya ƙi. Ya cire takalmi a bakin zaure, ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi masa ta'aziyyar Inna. Da Anti ta ji yarensu ɗaya sai suka yi ta magana da Tibi, har ta kawo masa ruwa. Ni na ɓuya bayan labule ina leƙe.

Kwandasta da ya gan shi sai ya yi masa ihu, "Saura mutum ɗaya!" Mutumin ya yi dariya ya ce, "Oga, ni ne mutum ɗayan." Daga nan sai ya daina dariya, ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙirjinsa.

Ga abin da ban gaya maka ba. Kwandasta yana fige gashin ƙirjinsa. Ya fara ne bayan rasuwar Inna, yanzu wajen ya zama fata zalla kamar na kazar da aka fige. Ni na ɗauka ƙwarƙwata ce, har na barbaɗa masa toka. Terver ya ce ba ƙwarƙwata ba ce. Ya ce aku tsuntsu ne mai son jama'a, a daji garke suke yi, in ya rasa wanda ya shaƙu da shi kuma aka bar shi shi kaɗai a ƙaramin keji sai ya riƙa cin kansa. Ya tambaya wa yake zama da shi da rana. Babu kowa. Baba yana gona, ni ina makaranta, ɗakin a rufe. Ya ce kejin ko fukafukinsa ba ya iya miƙewa a ciki. Ya ce wajensu ba sakinsa za a yi haka kawai ba, don ya daɗe da mutane, za a sa shi a wani babban wuri mai raga tare da 'yan'uwansa. Ya ce a can zai koyi kukan aku, a hankali ya bar maganar mutane. Ya faɗi haka kamar abin murna ne.

To ka ji daɗi. Akwai gaskiya a maganarka. Na yi kuka a bayan labulen har Anti ta zo ta ja ni.

Amma da na wanke fuska na zauna na yi tunani, sai na ga wani abu. Kai ba ka san yana fige gashi ba. Ba wanda ya gaya maka. Kuma shekara nawa kana hawa dutse da Turawa kana yi musu wa'azin keji, ba ka taɓa tuna namu ba? Me ya sa sai bana? Me ya sa sai bayan ƙaramar Sallah?

Na tuna, Yaya. Ranar Sallah da la'asar ka kira ta bidiyo. Baba ya tashi yin alwala ya miƙo mini wayar. Na rasa abin da zan ce maka, sai na shiga ɗakin Inna na juya wayar wajen keji don ka gaisa da Kwandasta. Ɗakin shiru. Ya karkata kai ya dube ka, sai ya ce, a hankali, da muryar Inna ta lokacin ciwo, "Abdulrauf." Sai ya sake faɗa. Na ga fuskarka. Sai hoton ya ɗauke. Ka turo wa Baba saƙo daga baya wai sabis ne ya yanke. Ba a yi mako ba ka fara maganar keji.

Ka fi ni sani, kai ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunanka ba. Tun da na buɗe ido "yaron nan" nake ji, ko "yayanku", da ka tafi kuma ka koma "mutumin tsibiri". In baƙuwa ta tambaye ta sunan ɗanta sai ta sunkuyar da kai ta ce in faɗa. Ko a asibiti da aka tambaya wa za a rubuta, ni ta zungura. Kwandasta kuma ba ya ɗaukar magana sai ya ji ta sau da yawa. Kenan in na tafi makaranta, Baba ya tafi gona, ita kaɗai a kwance, sunanka take kira. Ta ɗauka ba mai jin ta.

Ni na daɗe da jin yana faɗa. Sai ɗaki ya yi tsit yake yi. Ban gaya wa ko Baba ba, don na ga kamar in na faɗa na yaye wa Inna mayafi a gaban mutane. Ranar nan ma ba da gangan na yi ba. Amma yanzu ban yi nadama ba.

Don haka kada ka sake ce mini daji, kada ka sake ce mini 'yanci. So kake a kai shi inda zai manta, don kai ka samu barci. Kana tsaron ƙwan kunkuru kada kare ya tone, amma abu ɗaya da Inna ta bari kana aiko mutum da babur ya ɗauke.

Terver ya ce zai dawo da mota da akwatin ɗauka ranar Asabar ta sama. In ƙarya na yi maka, ka kira ka ce ƙarya ne.

Afra'u.

Lafia,
Ranar Lahadi.

Yaya Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Na ce ina fata ne don ban sani ba. Anti ta nuna mini alamar cewa ka buɗe takardata, amma ba ka ce komai ba, ba ka kuma kira Baba ba. Mu dai lafiya muke.

Tun da mutuminka zai ba ka labari, gara ka fara ji daga wajena.

Jiya da hantsi ya zo da wata ƙaramar mota da akwatin katako mai huji-huji. Baba bai je gona ba saboda shi. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baba ya ce in fito da kejin. Na fito da shi. Na sa masa kwakwa biyu a ciki, na ajiye a gaban Baba. Niyyata in koma ɗaki in toshe kunne.

Ban koma ba. Ƙafata ce ta ƙi. Na tsaya riƙe da ƙarfen kejin, Terver ya miƙo hannu yana jira, Baba ya ce, "Saki mana, Afra'u." Ka san ban taɓa magana a gaban baƙo namiji ba, ko a aji in malam ya kira ni hawaye ne ke fara amsawa. Na buɗe baki. Abin da ya fito ƙarami ne har sai da Baba ya ce in ƙara faɗa.

Na ce amana ce.

Na ce ranar da za ka tafi, a ƙofar gidan nan, da jakarka a kafaɗa, ka ɗauki kejin da hannunka ka sa a hannun Inna ka ce, ga amana nan sai ka dawo. Ina wajen, ina riƙe da zanenta. Na ce kuma ana saura kaɗan ta rasu ta kira ni ta kama hannuna ta ɗora a kan kejin, ta ce in riƙe wa yayana amanarsa, kada in ba kowa sai shi, hannu da hannu. Na ce ni ba da Baba nake jayayya ba, tsuntsu naka ne, na yarda. Amma ba ta ce in ba saƙon waya ba, ba ta ce in ba ɗan aike ba.

Baba ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ya tambaya ko akwai wanda ya ji lokacin da Inna ta faɗi haka. Anti tana tsaye a bakin katanga, ta ce, "Ni ina wurin, Baba. Kunu nake ba shi. Haka ya faɗa, hannu da hannu." Har ta kama hannunta ɗaya da ɗaya ta nuna.

Baba ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ya juya wajen Terver ya ba shi haƙuri, ya ce an sa shi ya ƙona mai a banza. Ya ce shi da ya ɗauka maganar mai abu ce kawai, bai san akwai maganar mamaciya a kai ba. Ya ce amana yadda aka karɓe ta haka ake mayar da ita. In Abdulrauf yana son tsuntsunsa ya san hanyar gida, ya zo ya karɓa daga hannun ƙanwarsa, daga nan in ya ga dama ya kai shi daji, in ya ga dama ya kai shi tsibiri.

Terver bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. Ya ce shi bai zo raba gida ba, amma tsuntsun yana shan wahala, kuma maganar amana ba za ta mayar masa da gashi ba. Ya dube ni ya ce tun da na hana, to nauyin ya hau kaina. Ya zana wa Baba a ƙasa da tsinke irin girman wurin da za a yi masa. Ya ce a fito da shi inda mutane suke, a ba shi reshen itace ya riƙa ɓarzawa, a rage gyaɗa a ƙara gwanda da ganye. Ya ce zai riƙa biyowa, in kaka ta yi ƙirjin bai cike ba zai dawo da maganar, ko ina kuka ko ba na yi. Na ɗaga masa kai. Da zai tada mota Kwandasta ya yi masa ihun Obi. Bai yi dariya ba wannan karon.

Da yamma Baba ya tambaye ni me ya sa kai ka matsa haka. Na gaya masa abin da tsuntsun yake faɗa in ɗaki ya yi shiru. Na roƙi Inna gafara a raina kafin in faɗa. Baba ya ce shi tun ranar sunanka bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya ɗauki buzunsa ya shiga ɗakin ya zauna kusa da keji har aka kira magariba. Kwandasta ya ƙi faɗa. Ruwa kawai ya yi ta tambaya ko an ɗora.

Ban yi nasara a kanka don in yi murna ba, amma ba zan ce ban ji sanyi ba. Kejin yana hannuna. Ka san abin da ya rage.

Ƙanwarka mai riƙon amana,
Afra'u Babandi.

Lafia,
Ranar Alhamis.

Yaya Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da aku da kunkuru da ƙadangaren titi. Baba yana gaishe ka. An fara cire sabuwar doya, ta yi kyau bana. An ba mu hutu, na wuce aji biyu na sakandare.

Na ce ba zan sake rubuto maka ba, tun da wata da watanni ke nan ba ka amsa mini ba. Baba ya ce ka turo masa layi biyu, wai yanzu lokacin guguwa ne jirage sun daina zuwa, za ka duba ka gani. Na san irin dubawarka. Ni ko a jikina. Labarin tsuntsunka kawai zan ba ka, don haƙƙinka ne.

Baba ya sa kafinta ya yi masa wuri da raga a gindin mangwaro, ina iya shiga in tsaya a ciki. Ranar farko ya ƙi sakin tsohon kejin. Yanzu yana tashi daga reshe zuwa reshe, da ƙyar, kamar tsoho mai koyon keke. Gashi ya fara tsirowa a ƙirjinsa. Terver ya zo ya gani ya ce ba laifi, amma bai janye maganarsa ba tukuna.

Sai dai akwai abin da ban yi tsammani ba. Tun da ya fito tsakar gida yake kwasar sababbin abubuwa. Ya iya kukan akuyar Anti, ya iya hon ɗin mai ruwa, ya iya ƙarar wayar Baba har Baba yana lalube aljihu. Na Inna kuma suna raguwa. Tarin ya tafi. "Rufe, ƙuda" sai jefi-jefi. Sunanka sau ɗaya Baba ya samu ya ji, ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Tun daga ranar Kwandasta bai sake faɗa ba a gabanmu. Da na bar shi a ɗaki a rufe wataƙila da ya riƙe su, amma da ya ci gaba da cin kansa. Ni na zaɓa, ba kai ba. Ina gaya maka ne don ka sani, in kana son ka ji muryar Inna, ba kunkuru ba ce da za ta sake fitowa baɗi.

Saura abu ɗaya. Anti ta rantse in ban rubuta ba ita za ta faɗa maka da bakinta, kuma za ta ƙara gishiri.

Shekaranjiya muna cin abinci a tsakar gida, ni da Baba da Anti. Kwandasta ya yi ƙarar waya. Sai ya yi shiru, sai ya ce, "Yaya ne? Yaya ne ya kira?" Ba da muryar Inna ba. Wata 'yar siririyar murya ce mai rawa, ni ban ma gane ta ba. Anti ta ajiye cokali tana dariya. Baba bai yi dariya ba, kallona kawai ya yi.

Tsuntsun nan maƙaryaci ne. Ban faɗa sau da yawa haka ba.

Ƙanwarka,
Afra'u.